Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Jam'iyyu da 'Yan Majalisar Dokokin Jihar Kaduna

Masu girma shugabannin jam'iyyun siyasa na Jihar Kaduna, mai mulki da na adawa,
Mai girma Kakakin Majalisar Dokoki da sauran wakilanmu da ke zama a Lugard Hall,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin jama'a da kuka ɗauka.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na koyar da tarihi da darasin gwamnati a makarantun sakandare na jihar nan har na yi ritaya. Na ɗauki alƙalami ne da yawun ƙananan 'yan jam'iyya na gunduma, waɗanda ke da katin jam'iyya amma ba su da ubangida. Su ne masu manna fosta, masu kwana a rumfar zaɓe suna gadin akwati, da matan da ke bi gida gida suna fito da masu ƙuri'a. A cikinmu akwai Musulmi da Kirista, akwai ɗan jam'iyya mai mulki, akwai ɗan adawa. Mun sha bamban a kan wanda muke so ya yi mulki, amma bakinmu ɗaya a kan abin da ke cikin wannan takarda.

Abu biyu ne suka sa muka ga shiru ba zai yi ba. Na farko shi ne zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoba 2024, inda aka bayyana cewa jam'iyya ɗaya ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255, ba ta bar ko ɗaya ba. Na biyu shi ne yadda ake ta maganar gyaran kundin tsarin mulki da "tarayya ta gaskiya", kowa na nuna Abuja da yatsa, babu mai waiwayar ofishin jam'iyyarsa. Alhali duk ƙasar da tsarin tarayya ya zauna da gindinsa a cikinta, idan ka bi sawu za ka tarar jam'iyyunta ne suka fara sakin iko zuwa ƙasa. Wani masanin siyasa ɗan Amurka, William Riker, ya kafa wannan hujja tun 1964: in kana son sanin ko jihohi na da 'yanci a ƙasar tarayya, duba jam'iyyu, ka ga wa ke tsayar da ɗan takara. In daga hedikwata ake tsayar da shi, to iko na hedikwata, komai kyan abin da aka rubuta a kundi.

Ranku ya daɗe, ku yi mini haƙuri in ɗan yi abin da na saba yi a aji, domin koke-kokenmu ba za su fito sosai ba sai an ga hanyar da wasu suka bi.

Amurkawan da suka zauna a Filadelfiya a 1787 suka rubuta kundinsu ba su ambaci jam'iyya ko sau ɗaya ba. George Washington ma da zai bar mulki, a 1796, gargaɗi ya yi musu a kan ɓangaranci. Sai dai tun yana kan kujera ministocinsa biyu, Alexander Hamilton da Thomas Jefferson, suka ja daga a kan tambaya guda: ƙarfin gwamnatin tsakiya ya tsaya a ina, na jihohi ya fara daga ina? Daga wannan gardama aka haifi jam'iyyunsu na farko. A zaɓen 1800 Jefferson ya kayar da shugaba mai ci, John Adams, mulki ya koma hannun 'yan adawa ba tare da an zubar da jini ba. Amma kada a ɗauka daga nan komai ya daidaita. Da farko 'yan majalisar tarayya ne ke kulle ƙofa su fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Jama'a suka ƙi, aka koma babban taron jam'iyya a shekarun 1830. Shi ma taron ya faɗa hannun iyayen gida irin na Tammany Hall a birnin New York, masu raba aikin gwamnati ga yaransu. Sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881, sannan aka yi dokar 1883 da ta fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne inda maganin ɗauki-ɗora ya fito. Jiha ɗaya ce, Wisconsin, ta yi doka a 1903 cewa masu ƙuri'a da kansu za su fitar da 'yan takarar jam'iyyu, sauran jihohi suka yi ta kwaikwayo. Ba su jira Washington ba.

Jamusawa kuwa da wuta suka koyi darasin. Sun ga yadda jam'iyyar mutum ɗaya, wato ta Hitler, ta haɗiye majalisa, ta haɗiye jihohi, ta jefa duniya a yaƙi. Shi ya sa da suka rubuta kundinsu na 1949 suka sa sashe na 21, wanda ya wajabta wa kowace jam'iyya ta gudanar da cikin gidanta bisa dimokuraɗiyya, ta kuma bayyana wa jama'a inda take samun kuɗi. Ɗan takarar mazaɓa a can, 'yan jam'iyyar wannan mazaɓar ko wakilansu ne ke zaɓensa ta ƙuri'ar sirri. Jihar Bavariya tana da jam'iyyarta, CSU, wadda ba ta takara a ko'ina sai a jihar, kuma ƙasar ba ta wargaje ba. Indiya, wadda ta fi kama da mu a yawan harsuna da addinai da talauci, ta daɗe a hannun jam'iyyar Congress, gwamnatin Delhi tana rushe gwamnatocin jihohin da ba nata ba da sashe na 356 na kundin ƙasar. Abin da ya taka mata birki shi ne tasowar jam'iyyun jihohi, kamar DMK da ta karɓi mulkin jihar Madras, wato Tamil Nadu ta yau, a 1967, sai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 1994 da ya ɗaure hannun Delhi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, kuma garin nan ya fi kowane gari shaida. A Kaduna aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a 1951. A zauren da kuke zama yau majalisun Arewa suka zartar da buƙatu takwas a 1953, suna neman kowane yanki ya riƙe harkokinsa, matsin da ya taimaka wajen haifar da tsarin tarayya na 1954. Da Janar Ironsi ya soke tarayya da doka mai lamba 34 a watan Mayun 1966, Arewa ce ta fi kowa tayar da jijiyar wuya. Saboda haka abin kunya ne a ce yau a Kaduna ake jiran takarda daga Abuja kafin a san wanda zai zama shugaban jam'iyya na gunduma.

To, ga koke-kokenmu.

Babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fitar da 'yan takara da shugabannin jam'iyya. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da hanya uku: 'yar tinƙe, ko ta daliget, ko maslaha. Ta kuma ce maslaha ba ta inganta sai duk masu neman takarar da aka tantance sun sa hannu sun janye da yardarsu. Kun fi mu sanin yadda ake samun wannan sa hannu. Na taɓa zuwa zaɓen shugabannin gunduma a wata makarantar firamare, mun cika fili tun da hantsi, tsofaffi na zaune a gindin darbejiya, mata da goyo. Har la'asar babu jami'in da ya zo. Da yamma muka ji a rediyo cewa an kammala zaɓe lami lafiya, aka karanto sunaye. A cikin waɗanda aka ce mun zaɓa akwai wanda ya bar unguwar da daɗewa. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce ba za ta ƙara ɓata ranar kasuwarta ba, kuma ta cika alkawari, har babban zaɓe ba ta fita ba. Ba zan faɗi sunan jam'iyyar ba, domin abokaina na sauran jam'iyyu sun ba ni labari iri ɗaya.

Illar wannan ba ta tsaya a ɓacin ran 'yan gunduma ba. Shugabannin gunduma da aka ɗora su ne ke haifar da daliget, daliget kuma shi ke haifar da ɗan takara. Shi ya sa zaɓen fidda gwani ya zama kasuwa. A 2022 duk ƙasar nan ta ji labarin masu neman takara a jiharmu da suka faɗi, suka bi daliget suna karɓar kuɗinsu. Wanda ya sayi tikiti da kuɗi, ranar da ya hau kujera lissafin mayar da uwar kuɗinsa zai fara yi, kuma idan zai yi godiya ga wanda ya sa sunansa a takarda zai yi. Ga hatsarin da ke kanku ku ma: a watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Gwamna, sanatoci, 'yan majalisa, duk suka tafi a rana ɗaya. Talakan da ya sha rana a layi ya jefa ƙuri'arsa, laifin me ya yi?

Sai kuɗin fom. A zaɓen 2023 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40, na gwamna miliyan 21. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, haka Shehu Shagari. Da a yau suka taso, da kuɗin fom kaɗai ya mayar da su gida. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa ne suka riƙe ta da kwabbansu, shi ya sa suke da bakin tsawata wa shugabanninta. Jam'iyyar Leba ta Ingila ma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka kafa ta a 1900 da kuɗin ma'aikata. Yau wa ke biyan hayar ofishin jam'iyya a ƙaramar hukuma? Wa ke sayen man motar shugaban jam'iyya? Duk mun san amsa, kuma wanda ya biya shi ke da magana.

Koke na gaba shi ne ƙananan hukumomi, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne talaka ke haɗuwa da gwamnati ido da ido. A watan Fabrairun 2023 PDP ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Jihar Kaduna, ta kwashe kujerun sanata uku. A watan Maris APC ta ci kujerar gwamna da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba. Wato jiha ce da ta rabu kusan gida biyu daidai, mai masu zaɓe da ke iya ba wannan a yau su ba wancan gobe. Ranku ya daɗe, ta yaya jiha irin wannan za ta wayi gari bayan shekara ɗaya da rabi babu gunduma ko ɗaya, daga Birnin Gwari zuwa Sanga, daga Kudan zuwa Kaura, da ta ga kansila a wata jam'iyya? Na san ba Kaduna ce ta fara ba. A watan Oktoban 2024 ɗin NNPP ta kwashe ƙananan hukumomi 44 na Kano, jihohin PDP ma haka suke yi. Amma laifin maƙwabci ba ya wanke namu. Abin da ya fi yi mana zafi shi ne Kaduna ta taɓa nuna wata hanya. A watan Mayun 2018 jihar nan ce ta fara amfani da na'urar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi a duk Najeriya, aka maimaita a 2021, kuma a duka biyun 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. Na'urar ba ta rasa matsala ba, an yi ƙorafi a wurare. Duk da haka jama'a sun ga alamar ƙuri'arsu na iya kayar da mai mulki. A 2024 aka ajiye ta.

Majalisar kansiloli da babu ɗan adawa a cikinta, wa zai tambayi ciyaman inda kuɗin rijiyar burtsatse ya shiga? Wa zai tashi ya ce asibitin sha-ka-tafi na ƙauyensu ba shi da ungozoma, ko rufin aji ya yaye tun damina biyu? A tsarin rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Mun yi murna, amma murnar da sauranta. In ciyaman ya san sunansa daga gidan gwamnati ya fito, ko an zuba masa kuɗin a asusunsa kai tsaye zai ɗauka ya kai inda aka ce ya kai. An sake wa tuwo suna ne kawai. Indiyawa da suka gyara kundinsu a 1992 don ƙarfafa majalisun ƙauyuka da na birane sun fahimci haka. Sun wajabta zaɓe duk shekara biyar, suka kafa hukumar zaɓe da ta rabon kuɗi a kowace jiha, suka ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru. Ku ƙirga matan da ke cikin kansiloli 255 na jiharmu, sannan ku tuna su waye suka fi cika layi ranar zaɓe.

A nan dole in faɗi wata magana da masu kiran "a ba jihohi iko" ba su cika so ba. Tarayya kan zama mafakar azzalumi idan babu adawa a cikin jiha. Jihohin da ke kudancin ƙasar Amurka sun fake da 'yancin jihohi suka hana baƙar fata zaɓe shekara da shekaru, har zaɓen fidda gwani suka mayar na farar fata zalla sai da Kotun Ƙoli ta soke shi a 1944. Mu ma iyayenmu sun ga yadda aka yi amfani da 'yan dokan En'e da kotunan alƙalai a kan 'yan NEPU da 'yan UMBC, jam'iyyar adawa ta yankin tsakiyar Najeriya. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da dama saboda siyasa. Shi ya sa, duk da irin abin da muka gani na 'yan bindiga a Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru da kudancin jihar, wanda ya sa da yawanmu ke goyon bayan 'yan sandan jiha, zuciyarmu ba ta kwanta ba. Gwamnan da ke riƙe da jam'iyya, da hukumar zaɓen jiha, da ciyamomi, idan aka ƙara masa bindiga, wa zai ce masa a'a? Ba wani gwamna nake nufi ba, kujerar nake nufi, domin wanda ke kanta yau ba shi zai dawwama ba.

Sai sauya sheƙa. Sashe na 109 na kundin 1999 ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare. Sashe na 68 ya faɗi haka ga na tarayya. Amma kowa ya tashi tafiya sai ya ce akwai rikici a jam'iyyarsa, kakaki ya karanta wasiƙa, a yi tafi. Gwamnoni biyar da suka bar PDP a watan Nuwamban 2013 da kujerunsu suka tafi, waɗanda ke tururuwa zuwa jam'iyya mai mulki tun bayan 2023 su ma haka. Indiya ta sha wannan ciwo har ta yi gyaran kundi na 1985 a kansa. Wanda na zaɓa don ya sa ido a kan gwamnati, in ya koma cikinta ba tare da ya dawo ya tambaye ni ba, ya kwashe ƙuri'ata ya kai inda ban aike shi ba.

Na san abin da za a ce: ai Kaduna ta ɗanɗana rabuwar kai, ba ta ji daɗi ba. Gaskiya ne. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP, NPN ta mamaye majalisa, aka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, aka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan. Amma darasin wannan rikici shi ne a koyi zama da abokin hamayya, kamar yadda Siwizalan ta yi. Ƙasar ta yi yaƙin basasa a 1847, ta kafa tarayya a 1848, kuma tun 1959 manyan jam'iyyunta ke raba kujeru bakwai na majalisar zartarwa a tsakaninsu. Jiha irin tamu mai ƙabilu da yawa da addinai biyu manya, wadda ta ga Zangon Kataf a 1992 da rikicin 2000 da na bayan zaɓen 2011, ta fi kowa buƙatar kowane yanki ya ji yana da kujerar da zai iya ci da ƙuri'arsa. Mutumin da aka toshe wa akwati ba ya daina fushi, wata hanyar yake nema.

Akwai kuma ƙullin da kundi ya yi mana. Saboda tsoron jam'iyyun ƙabilanci irin na Jamhuriya ta Farko, kundin 1979 da na 1999 suka ce dole jam'iyya ta zama ta ƙasa baki ɗaya, hedikwatarta a babban birnin tarayya, shugabanninta daga kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma babu takara sai ta jam'iyya. Tsoron yana da dalili, mun yi yaƙin basasa. Janar Babangida ma ya wuce nan, ya ƙirƙiri SDP da NRC a 1989 ya gina musu ofisoshi da kuɗin gwamnati. Amma sakamakon shi ne mai neman kansila a Rigasa ko Kagoro sai ya ratsa ta jam'iyyar da makullinta ke Abuja. Wannan ya yi wa zaɓen shugaban ƙasa daidai. A zaɓen kansila kuwa ba shi da wata fa'ida.

Ga abin da muke roƙo.

Ku shugabannin jam'iyyu, ku buɗe rajistar 'yan jam'iyya, a manna ta kowace gunduma a ofishin gundumar kafin kowane zaɓen cikin gida, yadda kowa zai ga sunansa ya kuma ga sunan da bai sani ba. Ku yi zaɓen shugabannin gunduma a fili, a ranar da aka sanar, a ƙirga a gaban jama'a, a rubuta sakamako a ba kowane ɗan takara kofi kafin a tashi. In za a yi maslaha, a tara 'yan jam'iyyar mazaɓar su amince da bakinsu, kamar yadda doka ta tanada. Ku rage kuɗin fom na kansila da ciyaman da majalisar jiha zuwa abin da ma'aikaci ko ɗan kasuwa matsakaici zai iya biya da guminsa. Ku dawo da kuɗin kati na wata wata, ko naira ɗari biyu ce, za mu biya, mu ma mu samu bakin magana. Sannan sau ɗaya a shekara ku karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ku kuma 'yan majalisa, dokar zaɓen ƙananan hukumomi a hannunku take, ba sai kun jira kowa ba. Ku dawo da na'urar zaɓe, a gyara inda ta gaza, kuma doka ta tilasta manna sakamakon kowane akwati a rumfarsa da kuma intanet a ranar zaɓe. Gwamna ke naɗa 'yan hukumar zaɓen jiha, amma sai kun amince. Ku yi tantancewar a bainar jama'a, ku ƙi duk wanda aka san yana da katin jam'iyya, ku sa kuɗin hukumar ya riƙa fita kai tsaye ba sai ta je roƙo ba. Ku wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta riƙa buga abin da ta samu da abin da ta kashe duk wata, da Hausa da Turanci, a karanta a gidan rediyo. Kakaki ya yi aiki da sashe na 109 a kan duk wanda ya sauya sheƙa, ko da jam'iyyar kakakin ya koma, ya bar kotu ta yi hukunci a kan maganar darewar jam'iyya.

Gyaran kundi ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 sun amince, ke nan ƙuri'arku na da nauyi. An ga haka a 2023, da aka saki wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari jihohi su ma su yi doka a kansu, yayin da ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya kasa samun jihohin da ake buƙata. Idan ƙudurorin suka sake zuwa gabanku, muna roƙon ku goyi bayan soke asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, da halatta takarar ɗan indifenda aƙalla a matakin kansila da ciyaman, da toshe ƙofar sauya sheƙa har ga gwamnoni. Idan maganar 'yan sandan jiha ta zo, kada ku amince sai an sa hukumar da ke naɗa shugabanninsu a hannun da ba na gwamna kaɗai ba, da wakilcin 'yan adawa a ciki.

Kafin ku kaɗa ƙuri'a a kan kowanne daga cikin waɗannan, ku yi zaman jin ra'ayin jama'a a Zariya da Kaduna da Kafanchan, cikin harshen da mutane ke ji, a ranar da ba ta kasuwa ba. Ranar ƙuri'ar kuma a kira sunan kowane ɗaya daga cikinku ku 34, ya tashi ya faɗi matsayinsa, a buga sunayen a jarida, domin kowace mazaɓa ta san abin da wakilinta ya zaɓa.

Allah ya ba jiharmu zaman lafiya, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin makaranta, a madadin ƙananan 'yan jam'iyya na gunduma,
Tudun Wada, Kaduna.